Lado da Jiniyar Ƙauyen Tumaki

Duk wanda ya zauna a lungunmu na unguwar Nuzla a nan Jidda ya san Lado Usturaliya. In bai san shi da ido ba ya san shi da kunne, don Lado bai taɓa ganin mutum zaune shiru ya bar shi da shirunsa ba. Bangonmu ɗaya da shi tun ina da haƙoran tauna ƙashi har na koma shan kunu, bangon kuwa irin na Nuzla ne, in ya yi atishawa a ɗakinsa daga nawa nake yi masa yarhamukallahu. Ni Bakatsiniya ce, shi Bahaɗeje, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa halal ɗina ne. Bawana ne tun kaka da kakanni, ko da yake bai taɓa amsawa ba.

Maza suna da buri iri-iri. Wani gida, wani mota, wani ya koma garinsu da haƙorin Makka yana murmushin dole. Burin Lado guda ɗaya ne, kuma ya fi waɗannan wuya: ranar da aka yi ihun gobara a lungunmu, yana so ya ga mutane sun rugo wajen wutar, ba sun ruga sun bar ta ba. Wanda bai san Nuzla ba zai ce wannan ai ba buri ba ne. To, ya gyara zama.

Ɗan gidan mahauta ne daga wani ƙauye a bakin kogin Haɗeja. Ya zo aikin hajji a 1975, ranar komawa sai ya ce bari ya leƙa kasuwa ya sayo wa gyatumarsa zoben azurfa. Jirgi ya tashi Lado yana ciniki. Har tsufansa in ka tambaye shi yaushe zai koma gida, sai ya ce ai ba su daidaita da mai zoben ba.

Aikinsa na farko a halaga ne, wato kasuwar tumaki, yana sauke ragunan da jiragen ruwa suke kawowa daga Usturaliya, masu gashi kamar katifa da kallon raini. Ba takarda, ba kafili, wato ubangidan da zai tsaya masa a hukuma. Wanda ya yi irin wannan zaman ya san dokarsa: da ka ji jiniya ba a tambayar ta mece ce, ƙafa kake ba haƙƙinta. Ta asibiti ce, ta 'yan jawazat masu kame ce, sai ka kai maɓoya sannan ka yi bincike. Lado ya yi suna a wannan fanni. An taɓa zuwa kame halaga, ya kutsa tsakiyar garke ya durƙusa da hannu da ƙafa, ya ja buhu ya rufa, har wani mai saye ya tattaɓa bayansa ya ce wannan ba ƙiba.

Wuƙarsa ce ta fitar da shi. Wani ɗan kasuwar nama, Ammu Hamad, ya ga yadda yake yanka da fiɗa, ya ɗauke shi, ya yi masa iƙama, wato takardar izinin zama. A lokacin ne ya auri Zinariya, 'yar Hausawan Sudan da aka haifa a nan Jidda, gajeriyar mace mai muryar da ba ta neman lasifika, Hausarta rabi Larabci. Da Hamad ya fara shigo da daskararren nama, masu saye suka dame shi da tambayar wa ya yanka, ya ambaci sunan Allah ko bai ambata ba. Sai ya ce zai aika nasa mutumin can inda ake yankan. "In an tambaye ni in ce Lado ne ya yanka, ga matarsa can a Nuzla, a je a tambaye ta." Haka Bahaɗejen da bai san Turancin roƙon ruwa ba ya tafi ƙarshen duniya.

Ya yi 'yan shekaru can. Ya dawo da malafa mai faɗin faifai, da wata riga ruwan ƙwai mai kaurin fatar bijimi, da baki cike da labarin wani ƙauye wai shi Warambinda. Mun gwada faɗin sunan, harshe ya ƙi, muka sa masa Ƙauyen Lado.

A dakalin shagon Musbahu tela ake zaman. Musbahu shi ne amininsa, kuma bai taɓa yarda da maganarsa ba sai dole; abotar tasu ke nan. Ni ina gefe da farantin gyaɗata, ina sauraro kyauta.

"Ƙauyen nan yana da tarihi," in ji Lado. "Kafin kowa ya zo akwai masu ƙasar, baƙaƙe, sun fi Musbahu baƙi. Su suka san inda ruwa yake. Turawa suka zo da tumaki, ƙishirwa za ta kashe su, masu ƙasa suka nuna musu idon ruwa. Da suka sha suka ƙoshi, sai suka kewaye ruwan da waya, suka ce na tumaki ne."

Musbahu ya zare allura daga bakinsa ya ce, "Wannan na yarda. Ci gaba, daga nan ƙarya za ta fara."

"Sai aka tono tagulla a dutsen bayan gari. Mutane suka cika, aka gina banki da kotu, gidajen giya a jere kamar rumfunan kasuwar Bab Sharif. Kafin a shimfiɗo titin jirgin ƙasa, ka san su wa suke kai musu kaya? Musulmi ne, masu raƙuma, daga wajen Afganistan. Har yanzu masallacinsu na kwano yana nan, iska ta karkata shi, ga kaburburansu a gefen maƙabarta suna fuskantar alƙibla. Ni nake share su ranar Juma'a. Ni ne ladan, ni ne liman, ni ne mamu."

Na ce, "Wa yake gyara maka in ka ɓata karatu?"

"Baiwa ba ta sa baki in iyayen gidanta suna magana."

Tagulla dai ta ƙare, in ji shi, garin ya fara zubewa kamar tsohon zani. Jirgi ya daina zuwa, tasha tana nan da agogonta, tantabaru ne fasinjoji. Banki ya naɗe tabarmarsa. Kotu ta zama ɗakin ajiye gashin tumaki. Mutanen da suka rage ba su kai na dogon gidan da ke kan shagon Musbahu ba, amma tumakinsu sun fi alhazan Arfa.

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne yadda ake tafiyar da garin. Wai wata tsohuwa ce, Inna Dorin, ita ce kusan gwamnati gaba ɗaya. Kanti ɗaya ne a garin, nata ne. A kusurwar kantin akwai 'yar taga, in ka zo aika wasiƙa sai ta bar sikelin sukari ta zagaya bayan tagar, ta saka tabarau, ta zama gidan waya, ta gaishe ka kamar yanzu ta fara ganinka. Ita ce banki. Ita ke zuba wa motoci mai. Ita ke auna ruwan sama a wani gwangwani ta buga wa birni waya. Makullin zauren gari yana wuyanta, zauren da a nan ake biki, a nan ake zaɓe, a nan ake rawa, a nan ake zaman makoki.

"Unguwar zoma fa?" in ji Musbahu.

"In ta kama."

"Limanci?"

"Kai dai ba ka son gaskiya."

Likita kuwa wai a jirgin sama yake zuwa, sai an kore tumaki daga fili kafin ya sauka, ya dudduba mutane ya tashi. Ɗakin karatu a bayan babbar mota yake, ya zo ya ba ka aron littafi ya wuce, sai wani zagayen. Makaranta malama ɗaya, 'yan makarantar ba za su cika tabarma ba. Sau ɗaya a shekara gari ya taru, a yi gasar aske tumaki, a zaɓi kabewar da ta fi girma a liƙa mata lambar yabo, har hoto ake yi mata da mai ita. Ɗan sanda ɗaya ne, shi ma a wani garin yake kwana.

"Tsaya nan," in ji Musbahu. "Ɗan sandan, ya taɓa ganinka?"

"Kullum ya zo sai ya ɗaga mini hannu."

"Ya ɗaga maka hannu ka tsaya."

"Gaisuwa, malam."

"Bai ce iƙama ba?"

"Sau ɗaya ya tsayar da ni. Yajin tsire yake so in koya masa."

Dakali ya ɗauki dariya. An yafe masa likita mai fiffike, an yafe masa kabewa mai lamba, amma ɗan sanda mai neman yaji ya wuce gona da iri.

Sai labarin 'yan kwana-kwana, wanda shi ne ya canza masa rayuwa, mu kuma ya hana mu sakat. Ƙasar can wai in zafi ya yi, daji kamawa yake kamar an zuba masa fetur. Ba ma'aikatan kashe gobara, birni ya yi nisa. Mutanen gari ne da kansu: mai gona, direba, mai gyaran famfo, har malamar makaranta. Suna da tsohuwar mota mai tanki a wata rumfar kwano, da jiniya a kan dogon ƙarfe. Da ta yi kuka kowa zai yar da abin da ke hannunsa ya rugo. Ba albashi, ba tilas.

Ba wanda ya gaya wa Lado wannan, ko an gaya masa bai ji ba. Yana sabon zuwa, ya taso daga mayanka da rana yana tafe a titin garin, wanda shi kaɗai ne titi, sai jiniya ta ɗauka. Ka san jiki ba ya manta karatunsa. Fasfo da biza suna aljihunsa, amma ƙafafunsa ba su iya karatu ba. Kafin ya yi tunani ya tsallake shinge, ya ga wata rumfa a buɗe, ya faɗa, ya haye bayan motar da ke ciki, ya ja tamfol ya lulluɓa. Yana ta Ya Laɗifu, sai ya ji gudun mutane ya nufo rumfar. Ya ce shi ke nan, sun gan ni. Aka tada mota aka fita a guje. Ya ce yau sai filin jirgi, ko kayana ba za su bari in ɗauka ba.

Mota ta tsaya, aka yaye tamfol. Ga wuta tana cin daji, ga turawa sun yi cirko-cirko suna kallon Bahaɗeje rungume da mesa. Shugabansu, wani dogo mai jan wuya, ya bubbuga masa kafaɗa yana ta surutu. Sai daga baya Lado ya gane abin da ake cewa: tun da aka kafa ƙungiyar ba a taɓa ganin mai himmar wannan baƙon ba, ya riga masu garin isa mota. Kunya ta hana shi gudu, daji kuma ba wurin ɓuya ba ne tunda shi ke ci. Ya kama mesa. Aka ba shi rigar nan ruwan ƙwai, kuma wai har ya baro garin ba a taɓa riga shi ba.

"Wannan ma na yarda," in ji Musbahu. "Gudun na san shi."

Da labari ya tsaya a dakali da ba komai. Sai ɗakin Khadijatu mai waina ya kama. Da hantsi ne, tukunyar gas ta yi yoyo. Aka yi ihun gobara, ni da idona na ga abin da lungunmu ya yi: ƙofofi suna rufuwa, masu jaka suna ɗaukar jaka, kowa ya nufi inda hayaƙi ba ya zuwa. Ba rashin imani ba ne. Kowa ya ɗauka motar kwana-kwana ba ta zuwa ita kaɗai, kuma inda aka taru nan ake tambayar takarda. Ba mai son ya je taimako ya ƙare a jirgin Kano. Mai takardar ma yana da ƙane ko suruka a ɗaki da ba su da ita. Ba wanda ya kira, ba wanda ya tsaya, sai Lado da bokiti ɗaya, yana zuwa yana dawowa. Kafin hayaƙi ya kira hukuma da kansa, ɗakin ya tafi, da na maƙwabta. Ba a rasa rai ba. Amma na ga Khadijatu zaune a kan toka tana juya tandarta da ta tsage, ko kuka ba ta yi.

Ranar Lado bai yi labari ba. Washegari ya fito da rigarsa ruwan ƙwai a zafin Jidda, gumi yana bin ƙafarsa, ya ce an kafa ƙungiya.

Ya bi gida-gida. Kowa ya ce masha Allah, ina ciki, don faɗin haka ba ya cin komai. Ya samo ganguna ya cika da ruwa ya ajiye a kusurwoyi, mata muka wanke kaya da su, muka sa masa albarka. Ya kira atisaye bayan la'asar, ba wanda ya zo sai kurman da ke gadin masallaci, shi ma inuwa ya biyo. Sai ya zauna ya yi nazari, irin nazarin Haɗejawa, ya gano abin da ya rage. Can suna da jiniya, mu ba mu da ita. Ya tafi haraj, kasuwar tsofaffin kaya, ya yi ta tono har ya samo wata ta hannu, irin wadda ake murɗawa.

Zinariya ta dubi abin ta ce, "Esh hada, ya Abu Husaini?"

"Maganin gobara."

"Wallahi wannan maganin mutane ne. Ka manta inda kake?"

"Ke ba ki je Usturaliya ba."

"Kai kuma ka je ka dawo ba ka san Nuzla ba. Halas, yi abinka."

Bai sanar da kowa ranar gwaji ba, wai wuta ba ta aiko da goron gayyata. Wata Juma'a bayan an ci abincin rana, ciki ya yi nauyi, ya hau rufin gidansu ya murɗa.

Jama'a, na ga guguwa, na ga ambaliya, ban taɓa ganin abin da ya share lungu kamar jiniyar Lado ba. Musbahu ya fita ta tagar shago da wandon mutane a wuya, ba a gan shi ba sai can nesa a unguwar Waziriyya, yana ɗingishi. Wanzami ya bar kai rabi, mai kan ya riga shi fita. Wata mai jego ta miƙa wa maƙwabciya jariri ta katanga, maƙwabciya ta miƙa wa ta gaba, sai da aka yi cigiya kafin a gano inda ya tsaya. Othman mai kanti, wanda takardunsa sun fi na kowa kyau, an same shi a bayan firjin lemo, ya ce shi ma bai san dalili ba. Ni kuwa ba gudu na yi ba. Tankin ruwan saman gida na je dubawa, daga ciki. Lado ya leƙo daga rufi yana jiran ya ga runduna da bokitai, bai ga kowa ba sai warin takalma da wata akuya.

Dattawan lungu suka zauna a kansa. Aka karɓe jiniyar, aka ce ko usur ya sake hurawa sai dai ya nemi wata unguwa. Daga ranar sunansa ya koma Kaftin. In ya wuce sai a ce, "Kaftin, shayina ya yi zafi, a kawo ɗauki." Musbahu bai yi masa magana ba sai da ƙafarsa ta warke.

Abin da ya ba ni tsoro shi ne Lado ya yi shiru. Ya ninke rigar ya sa a ƙasan akwati. Ya daina ambaton Inna Dorin. Ya tafi aiki, ya dawo, ya zauna a dakali kamar kowa. Na tsokane shi iya tsokana, har na ce bawa, tashi ka kai mini faranti gida, sai ya tashi ya kai. Ranar na san abin ya ci shi. Wata rana na ji shi ta bango yana ce wa Zinariya, "Mutanen can ba sa salla, amma in gidan maƙwabci ya kama a guje suke zuwa. Mu kullum muna sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa." Ta ce, "Su ba mai tambayarsu takarda, ya shehi. Ci abincinka."

Aka yi shekaru a haka, har gemunsa ya yi fari. Sai wata bazara ruwan famfo ya ɗauke mana, irin ɗaukewar da za ka ga mutum yana alwala kamar mai shafa turare. A irin wannan lokaci babu kalmar da ta fi sabil daɗi a Nuzla. Sabil shi ne sadakar da mai hali yake aikowa, wani lokaci wayit, wato tankar ruwa, wani lokaci har da shinkafa da nama. Ba a tambayar takarda a layin sabil.

Ana nan, da azahar, Musbahu ya bar dutsen guga a kan yadin wata amarya ya tafi masallaci. Shago ya kama. Shagon kuwa a gindin dogon gida yake, sama duk ɗakunan haya ne cike da mata da yara. Lado ne ya fara gani. Ya fito tsakiyar lungu daga shi sai singileti, yana ihu, "Gobara! Jama'a gobara! Ku fito da bokiti!" Na ji ƙarar sakata, ɗaya bayan ɗaya. Na ga masu jaka sun fara sulalewa. Tsoho yana tsaye shi kaɗai, murya ta dushe, yana juyawa hagu da dama. Wallahi duk bakina ban sami abin tsokana ba.

Sai ga Zinariya a kan rufi da faranti da ludayi. Ta buga, ta buɗe maƙogwaron nan nata.

"Sabil! Ya jama'a, sabil! Wayit a ƙofar masallaci! Da shinkafa da nama! Yalla, kowa da bokitinsa, wanda ya makara ya rasa!"

Sakatun da aka rufe suka buɗe. Masu jaka suka ajiye jaka suka ɗauki jarka. Mutanen da ban gani ba tun azumi suka ɓullo, da bokitai, da robobin wanka, da tukwane, wata har da kwanon miya don kada a ce ta zo ba shiri. Ka san mu da layin ruwa, ba sai an ce a yi layi ba, kowa ya san bayan wanda zai tsaya. Kafin ka ce kwabo layi ya miƙe daga ƙofar masallaci, ya bi lungu, wutsiyarsa ta kai dab da shagon da ke ci.

Ba wayit. Amma masallaci yana da tankinsa na ƙasa, wanda liman yake tsaro kamar ƙwayar idonsa. Lado bai nemi izinin kowa ba. Ya ɗage murfi, ya fizge bokitin na gaba ya cika, ya danƙa wa na bayansa ya ce, "Miƙa!" Ya cika wani, "Miƙa baya!" Mutum ya karɓi bokiti cike, na bayansa ya miƙo hannu, maƙwabta suna kallo, ta ina zai gudu? Na ƙarshen layi kuwa ga ruwa a hannunsa, ga wuta a gabansa, ko ɗan fari ne ya san abin yi. Liman ya fito zai yi faɗa, aka ɗora masa tukunya. Musbahu yana ta salati yana watsa ruwa a kan kekensa na ɗinki, ana ce masa wutar tana can, yana cewa keken fa?

Wuta ta mutu kafin ta kai bene. Yadin amarya ya tafi, da rabin shago, da girar Musbahu. Lado ya zauna a bakin tanki jiƙe sharkaf, yana kallon layin nan da bai watse ba, idonsa ya kawo ruwa. Na ce, to, yau dai ya ga abin da yake nema. Ashe layin ba don shi ya tsaya ba.

Wata tsohuwa da ta taho tun daga bakin titi ta buga robarta a ƙasa ta ce, "To, mun kashe. Ina shinkafar?"

Lado ya ce, "Hajiya, ai gobara ce aka yi."

"Ni sabil aka ce mini. Da nama aka ce. Wa ya faɗa?"

Duk aka ɗaga kai sama. Zinariya ta nuna mijinta da ludayi. "Kaftin ne mai sabil."

Ragon da yake kiwo don layya shi ya tafi. Lado ya yanka da hannunsa, Othman ya fito da shinkafa tunda kantinsa wutar za ta biyo, mu mata muka hura wata wutar a tsakiyar lungu, ta halal. Ana cikin ci, hannu baka hannu ƙwarya, sai Lado ya tsaya da loma a hannu ya ce, "Af!"

"Mene ne kuma?" in ji Musbahu.

"Ai can ma haka ake yi. In an dawo daga kashe wuta, sai a tarar Inna Dorin ta buɗe zaure, mata sun kawo shayi da burodi, ana gasa nama a waje. Ba mai tafiya gida sai ya ci. Wasu ma ina jin don shi suke zuwa."

Zinariya ta ajiye ludayi a hankali. "Ya Abu Husaini. Shekara nawa kana ba mu labarin mota, da mesa, da jiniya, har agogon tasha mun sani. Abincin ne ka bari?"

"Ban ɗauka yana cikin aikin ba."

"Shi ne aikin, ya miskin."

Na ce a yi masa uzuri, Bahaɗeje in ya ga abinci ci yake yi, ba ya tsayawa neman dalilinsa.

Daga nan ƙungiya ta kafu ba tare da an sake kafa ta ba. Kowa ya san in Zinariya ta buga faranti ba wayit, amma kowa ya san akwai tukunya a ƙarshe, don dattawan da suka karɓe jiniya su ne suka sa a riƙa ajiye buhun shinkafa a masallaci. Ba na ce tsoro ya fita ba. In jiniyar gaske ta doso ana watsewa, sai dai ma'aikata su tarar da toka mai sanyi da lungu a jiƙe. Matsala ɗaya aka samu, aka lura kwandon shara yana yawan kamawa in wata ya yi nisa. Lado ya yanke hukunci cewa wutar shara shayi kawai take ci, ba madara. Kwanduna suka daina kamawa. Ya sake fito da rigarsa, ya koma labari, har ya ƙara wa ƙauyen wasu abubuwan da ban ji su a zagayen farko ba.

Ya rasu a shekarar ambaliya ta biyu, ba wani dogon ciwo, da hantsi bayan ya sha kununsa. Zinariya ta fito ƙofar gida ta ɗora hannu a ka ta yi salati da ƙarfi, ba faranti, ba kiran kowa. Ina fitowa na ga lungu ya cika. Daga kowace ƙofa mutane suke rugowa, maza da mata, masu takarda da marasa ita, kowa da bokitinsa cike, suna waige-waige suna tambayar ina hayaƙin. Da suka ji abin da ya faru sai suka tsaya da ruwa a hannu, ba wanda ya san inda zai ajiye. Liman ya ce a shigo da shi, ai dama za a nema.

Da shi aka yi masa wanka. Wanda ya ragu muka ɗora shinkafa.